Sirrin Ƙwallon Mangwaro: Abin Da Na Gani A Lambunan Darini

Idan aka ambaci Batsari a kasuwannin Katsina, rogo ne ke fara faɗo wa mutum a rai. Ba kasafai ake tunawa da mangwaron yankin ba, alhali kuwa duk inda fadama ta ratsa tsakanin Batsari da Safana, tun daga nesa za ka hango duhuwar itatuwansa, kore shar a tsakiyar ƙasar da rani ya ƙone. Darini na cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Batsari, a yammacin jihar Katsina, ɓangaren da ke kallon dajin Rugu da iyakar Zamfara. Can na nufa da bazara, mangwaro na tsakiyar nuna.

Abin da ya kai ni tambaya ce da kowane mai sayen mangwaro yake yi a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano, ko da bai furta ba. Za ka ga mutum ya ɗauki mangwaro ya jujjuya, ya auna nauyinsa a tafin hannu. Abin da yake son sani shi ne nawa ne tsoka, nawa ne ƙwallo. Wani mangwaron ƙato ne a ido, amma da ka kai baki sai haƙori ya ci karo da ƙwallo. Wani kuma ƙwallonsa siriri ne, tsoka ta cika ko'ina. Ƙasa ce ke kawo wannan bambanci, ko ruwa, ko gado? Kuma me ya sa manomi zai shuka ƙwallon mangwaro mai daɗi, ya yi shekaru yana ban ruwa, ƙarshe itacen ya haifa masa wani abu dabam?

Daga Katsina mota ce ke kai mutum Batsari, daga nan sai babur. Batsari da Safana na cikin ƙananan hukumomin da hare-haren 'yan bindiga suka fi yi wa ɓarna, har ta kai a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a yankin, an kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni. Saboda haka baƙo ba ya faɗawa ƙauye kai tsaye. Sai ya biya ta ƙofar mai gari ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ke tafe da shi, kuma duk wanda ya tambaya shawara guda zai ba shi: ya gama abin da yake yi ya kama hanya tun rana na sama. Da na ce mangwaro na zo gani, ba saye ba, mutanen da ke zaune a ƙofar gidan suka yi dariya, sannan aka haɗa ni da wani yaro ya kai ni lambun wani dattijo da aka ce ya ƙware a auren itace, wato ɗaura reshen wani itace a gindin wani.

Ƙwallo biyu a tafin hannu

Na same shi a inuwar wani tsohon itace yana ware mangwaro a kwanduna, nunannu gefe, waɗanda za su jure hanya gefe. Bayan mun gaisa na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, me ya sa ƙwallon wannan ya fi na wancan girma?"

Ya ce, "Malam, kai girman kake kallo. Mu abin da ke ciki muke kallo."

Ya aiki yaron ya tsinto ƙwallaye biyu cikin waɗanda aka sha da safe. Ya kankare zaren da wuƙa, ya tsaga ɓawon ta gefen da ya fi siranta, a hankali don kada ya ji wa na ciki ciwo. Na farko na mangwaron gargajiya ne mai zare, wanda yara ke tsotsa har ya maƙale musu a haƙora. Da ya zare 'yar fatar da ta lulluɓe ƙwayar ciki, sai ga ta ashe ba guda ba ce. Ɓangarori ne manne da juna, wani babba, wani matsakaici, wani ɗan mitsitsi, kowane da ɗan tsininsa na saiwa. Ya sa babban yatsa ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, ya jera mini a hannu, har biyar. Na biyu na ɗan aure ne. Ƙwayarsa guda ce, fara sol, mai santsi, ta rabe gida biyu daidai wa daida, tsinin saiwa ɗaya tak.

Ya nuna na farkon ya ce, "Wanga in ka shuka shi, icce huɗu ko biyar za su hito, kuma uwarsu za su biyo, ba ƙari ba ragi. Wanga kuwa ɗa guda gare shi, kuma sai abin da Allah Ya ba ka. Yana iya yin zaƙi, yana iya yin tsami, yana iya zama duk ƙwallo."

Ya kai ni wata rumfar kara inda ya jera baƙaƙen ledoji na dashe. A wasu ledojin tsiro ɗaya ne tsaye. A wasu kuwa huɗu ne ko biyar suka cunkushe, sabon ganyensu ja-ja yana rataye, duk daga ƙwallo guda.

Abin da dattijon ya nuna mini da bakin wuƙa shi ne babban rabon da masana suka yi wa mangwaron duniya gaba ɗaya. Asalin itacen daga yankin arewa maso gabashin Indiya da ƙasar Bama yake, kuma tun a Asiya ya rabu zuriya biyu. Zuriyar Indiya ɗan tsiro guda take sakawa a ƙwallo. Zuriyar kudu maso gabashin Asiya, wato Tailan da Filifin da Indonesiya da maƙwabtansu, ita ce mai 'yan tsiro da yawa. A ƙarni na 19 mangwaro ya bazu a Afirka ta Yamma, kuma mai zaren nan ne ya fara cin ƙasa, don ba ya neman gwani. Duk matafiyin da ya sha ya yar a bakin rafi, ya dasa irin itacen da ya sha ke nan. Nau'o'in jihar Fulorida ta Amurka da ake aurawa, irin su Kent da Keitt, sai a tsakiyar ƙarni na 20 suka shigo, ta tashoshin binciken noma kamar ta Foulaya a ƙasar Gini.

Na uwa da na uba

Labarin ƙwallo tun daga hunturu yake farawa, lokacin da itacen ya yi fure. Gungun fure guda yana ɗauke da ɗaruruwan furanni, wani lokaci dubbai, ƙanana ƙwarai, wasunsu maza zalla, wasu kuma mata-maza. Masu ɗaukar ƙurar fure daga wannan itace zuwa wancan kuwa galibi ƙudaje ne da sauran ƙananan ƙwari. Bahaushe ya ce a yar da ƙwallon mangwaro a huta da ƙuda, amma ba don ƙudan ba, da ƙwallon ma bai samu ba. Cikin tarin furannin nan kaɗan ne ƙwarai ke ɗaure 'ya'ya, a waɗanda suka ɗaure ma mafi yawa zubewa suke yi tun suna ƙanana.

Idan ƙurar fure ta sadu da ƙwan da ke cikin furen, sai ɗan tsiro ya samu. Mangwaro na da kuromosom 40, wato ƙunshin da bayanan gado ke ciki, 20 daga uwa, 20 daga uba. Uwar dai an san ta, ita ce itacen da aka tsinko ɗan daga jikinta. Uban kuwa yana iya zama kowane itace da ƙuda ya biya ta kansa. Ita kanta uwar gadonta gauraye yake, don haka rabin da take bayarwa ba ya zuwa iri ɗaya sau biyu.

A nan masu shuka ƙwallo suke yin tuntuɓe. Tsokar da muke sha, da zaren, da ɓawon ƙwallo mai tauri, duk daga jikin uwa suke. Ɗan tsiron da ke kwance a ciki shi kaɗai ne ya haɗa gadon uwa da na uba. Kamar goyo ne: zanin na uwa ne, kuma kyan zani ba ya gaya maka halin jaririn da ke ciki. Wanda ya sha mangwaro mai zaƙi uwar ya ɗanɗana, wanda ya shuka ƙwallon kuwa ɗan ya shuka.

A mangwaro mai zare wani abu dabam ke faruwa. Bayan ɗan tsiron da ƙurar fure ta samar, naman uwa da ke kewaye da ƙwan shi ma sai ya shiga fitar da 'yan tsiro na kansa, ba tare da uba ba. Waɗannan gadon uwa kawai suke ɗauke da shi, cif-cif, kuma su ne ɓangarorin da aka jera mini a hannu. Galibi ɗaya ne kawai a cikinsu mai uba, kuma sau da yawa 'yan'uwansa kan matse shi ya fito a raunane, ko ya mutu tun a ciki. Da na faɗa wa dattijon haka sai ya gyaɗa kai, ya ce lallai akan samu guda a leda wanda ganyensa ya saɓa wa na sauran, shi kuwa cire shi yake yi ya yar.

A 1998 masu bincike a Isra'ila suka nuna, ta hanyar haɗa nau'o'i da ƙirga zuriyarsu, cewa ƙwayar gado guda ce ke da alhakin wannan hali, kuma mai rinjaye ce: ko daga ɓangare ɗaya itace ya gaje ta, halin zai bayyana. Gano inda take kuwa sai da ya ci shekaru. A 2020 masana a ƙasar Sin suka wallafa cikakken tsarin gadon mangwaron Alphonso na Indiya, sannan a 2023 masu bincike na Cibiyar Volcani ta Isra'ila suka kama ta a kuromosom na 7. Sunanta MiRWP, kuma kowane mangwaro yana da ita. Bambancin shi ne, a zuriya mai 'yan tsiro da yawa, tun can zamanin dā wani guntun DNA mai tsawon harafi kusan 3,600, daga ɓangaren da ke sa ganye ya yi kore, ya zo ya maƙale a gabanta, ya ƙara mata ƙarfin aiki har naman da ke kewaye da ƙwai ya shiga haihuwa. Tun a 2017 an gano cewa 'yar'uwar wannan ƙwayar gado ce ke yin irin wannan aiki a lemu, sai dai guntun da ya tayar da ita a can daban ne. Mai son gani da ido ya ɓare ƙwallon lemun zaƙi, sau da yawa zai tarar da 'yan tsiro fiye da ɗaya.

Babba da ƙarami

Girman ƙwallo bai zo da sauƙi haka ba. Tsawon ɓawon da faɗinsa da kaurinsa da yawan zarensa ba ƙwayar gado ɗaya ce ke riƙe da su ba, taron dangi ne, kowace ta ba da nata ɗan kason. Shi ya sa ba a iya raba mangwaro gida biyu a ce ga masu babban ƙwallo, ga masu ƙarami. Hawa-hawa abin yake, daga kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin ɗan itacen har zuwa wajen kashi 25. Tunda ɓawon na uwa ne, 'ya'yan itace guda siffar ƙwallonsu ɗaya ce, ko wane uba ƙuda ya kawo. Ruwa da taki suna ƙara tsoka, itacen da ya ɗauki 'ya'ya fiye da ƙarfinsa kuma 'ya'yansa kan ƙanƙance, amma babu takin da zai sa ƙwallon mai zare ya koma siriri.

Ita kuma ƙwayar ciki aikinta ya wuce jiran shuka. Tun tana ƙarama take fitar da sinadaran da ke jawo abinci daga ganye zuwa ga ɗan itacen, su hana shi faɗuwa, su sa tsokarsa ta yi ta ƙaruwa. Ɗan itacen da ƙwayarsa ta mutu da wuri, ko dai ya faɗi, ko ya tsaya ƙarami.

Na ga haka a gaban wata tsohuwa da ta kasa mangwaro a bakin hanya. A gefen faifanta ta ware wasu ƙanana, waɗanda uku za su shige tafin hannu, launinsu ɗaya da na manyan.

Na ce, "Inna, waɗannan fa, wane iri ne?"

Ta ce, "Iri ɗaya ne da manyan, ɗana. Icce guda ne. Sanyi ya kama su tun suna hure. Sha ka ji, sun hi zaƙi."

Da gaskiyarta, zaƙin har ka. Ƙwallon ya fito shafal, da na matsa shi da yatsu sai ya lanƙwashe. Na tsaga, babu komai a ciki sai wata busasshiyar 'yar fata baƙa-baƙa.

Maganar tsohuwar ta yi daidai da abin da aka gwada a Ostareliya, inda aka ajiye itatuwan mangwaro a ɗakunan da ake sarrafa zafinsu. An ga cewa idan sanyin dare ya sauka wajen digiri 10 a kwanakin farko bayan ƙurar fure ta sadu da ƙwai, ɗan tsiron kan mutu, a samu irin waɗannan ƙananan 'ya'ya marasa ƙwayar ciki. Kuma ba duk nau'o'i sanyin ke yi wa illa daidai ba, Nam Dok Mai na Tailan ya fi saurin kamuwa, wato a nan ma gado na da hannu. A ƙasar Katsina furen mangwaro da hunturu yake fitowa, don haka shekarar da sanyi ya yi tsanani ba a rasa irin waɗannan a kwando.

To, ga inda gizo ke saƙa ga masu ƙirƙirar sabon iri. Mai saye ƙaramin ƙwallo yake so, itace kuma sai da ƙwayar ciki yake ciyar da ɗansa. Abin nema shi ne nau'in da zai yi tsoka da yawa ko da ƙwallonsa bai cika ba. A Indiya, jami'ar aikin gona ta yankin Konkan ta fitar da irin wannan a 1992, mai suna Sindhu, daga haɗin Ratna da Alphonso, ƙwallonsa siriri ƙwarai har ana tallarsa da sunan marar ƙwallo. Amma aikin na masu haƙuri ne. Sai an bi furanni da hannu ɗaya bayan ɗaya, kaɗan su ɗaure, a shuka, a jira shekaru kafin a ga 'ya'yan fari, sannan a fara tantancewa. Amfanin sanin ƙwayoyin gado ke nan: daga ɗan ganyen dashe ana iya gane wasu halayensa tun bai yi fure ba, a rage jira da asarar fili.

Akwai itacen da aka taki sa'a a kansa, wato kwakwar manja. A 1941 masu bincike a Yangambi ta ƙasar Kongo suka gano cewa kaurin ɓawon ƙwallonta ƙwayar gado guda ce ke tafiyar da shi. Akwai mai ɓawo mai kauri, akwai marar ɓawo sam, wadda galibi ba ta riƙe 'ya'ya. Idan aka haɗa su sai a samu mai ɓawo siriri, wadda ta fi mai kaurin ba da manja da kusan kashi 30 cikin 100. Irin wannan haɗin cibiyar NIFOR da ke kusa da birnin Benin take samar wa manoma, kuma a 2013 masana a Malesiya suka gano ainihin ƙwayar gadon. Sai dai manomin da ya tsinci ƙwallon wannan ingantacciyar kwakwa a ƙasa ya shuka, rabin zuriyar ne kawai za su biyo ta. Kashi ɗaya cikin huɗu za su koma masu kauri, sauran kashi ɗayan kuma marasa riƙe 'ya'ya. Tarkon da ke kama mai shuka ƙwallon ɗan aure shi ke kama shi.

Na ƙarshen lambu

Ba kullum ɗan da ya saɓa wa uwarsa yake zama asara ba. Dattijon ya ja ni can ƙarshen lambu, ya tsaya a gindin wani itace da ba shi da tabon aure ko kaɗan. Ya ce mahaifinsa ne ya shuka shi daga ƙwallon wani mangwaro da aka kawo masa tsaraba. Ya sa gora ya kaɗo ɗaya ya yanka. Babu zare, tsokar jawur, ƙwallon siriri amma da ransa. Ya ce ya sha shuka ƙwallayensa, ba a taɓa samun wanda ya kama ƙafarsa ba, sai dai a yanki reshensa a aura. Itacen ba shi da suna, “na ƙarshen lambu” kawai 'yan gidan suke ce masa.

Haka manyan mangwarorin kasuwar duniya suka faro. A 1889 aka kai wani nau'in Indiya mai suna Mulgoba jihar Fulorida. A 1902 wani tsohon soja, Kyaftin John Haden, ya shuka ƙwallayensa a Coconut Grove kusa da Miami. Ya rasu bai ga 'ya'yansu ba, matarsa Florence ce ta ci gaba da kula da su, sai ga ɗaya ya yi fice da kyan launi da daɗi. Aka sa masa suna Haden, aka yi ta yankan rassansa ana aurawa. Daga zuriyarsa aka samu Tommy Atkins da Kent, waɗanda yau suke cika kantunan Turai. Da aka binciki gadonsa a 2005, alamu suka nuna uban Haden ba kowa ba ne illa Turpentine, wani ƙaramin mangwaro mai zare da ɗan warin kananzir, mai 'yan tsiro da yawa, ajin wanda muke rainawa a nan. Bambancin Haden da na ƙarshen lambun Darini shi ne, wancan ya samu masu ba shi suna su yaɗa shi.

Yadda ake ɗaura auren

Na roƙi dattijon ya nuna mini aikin. Gindi, in ji shi, da mai zare ake yi, kuma tun ƙwallon yana ɗanye. Ƙwallon mangwaro ba iri ba ne da ake shanyawa a zuba a rumbu, in ya bushe ya mutu, cikin 'yan makonni ƙarfinsa ke ƙarewa. Ana cire ɓawon a shuka ƙwayar a leda, in sun tsiro a bar mafi ƙarfi ko a rarraba su. Ya jawo wani dashe da ya kai kaurin fensir, ya datse kansa, ya tsaga shi a tsakiya. Ya ɗauko ɗan reshen da ya yanko daga na ƙarshen lambu, wanda ya riga ya cire wa ganye, ya fiƙe gindinsa ta gefe biyu, ya cusa a tsagar. Ya ɗan jujjuya shi har fatar wannan ta haɗu da ta wancan, sannan ya naɗe da tsiririn leda tam-tam, ya kifa wata 'yar leda a sama don kada iska ta busar da shi. Ya ce bayan 'yan makonni, in idon reshen ya fashe da sabon ganye, aure ya ɗauru. Dashen aure kan fara haihuwa a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa sai ya kai 6 ko fiye.

Ba don arha kawai ake zaɓen mai zare a yi gindi da shi ba. Tunda 'yan tsironsa duk uwarsu suka biyo, mai lambu ya san abin da ya sa a ƙasa: gindi ɗari, hali ɗaya, kuma na itacen da ya riga ya saba da yashin yankin da dogon raninsa. Haka ake yi a ko'ina. A Fulorida Turpentine ne gindi. A Isra'ila wani mai 'yan tsiro da yawa da ake kira 13-1 aka zaɓa, saboda yana jure ƙasa mai farar ƙasa da ruwa mai gishiri. A Ostareliya kuwa babban mangwaronsu na kasuwa, Kensington Pride, shi kansa daga wannan zuriya yake, shi ya sa suka daɗe suna shuka shi daga ƙwallo kai tsaye yana fitowa daidai.

Dattijon ya ja mini kunne kan abu biyu. Na farko, a kasuwanni akwai masu sayar da dashen ƙwallo da sunan ɗan aure, kuma manomi ba ya gane an cuce shi sai bayan shekaru. Mai saye ya durƙusa ya nemi tabon aure a jikin dashen, in babu ya wuce. Na biyu kuwa da bakinsa ya fi daɗi:

"Malam, mutane na zuwa su ce mani mangwaronsu ya rikiɗe, wai sammu aka yi mashi. Ba sammu ba ne. Gindin ne ya yi tsiro ƙasa da aure, ba a yanke ba, ya hi ƙarhin na sama ya kashe shi. Sai mai zare ya dawo da abinshi."

Abin da ya rage a yi

Da na tambaye shi halin lambunan da ke nesa da gari, sai murna ta bar fuskarsa. Ya ce a shekarun da hare-hare suka yi tsanani akwai lambunan da masu su suka daina zuwa, dashe ya bushe ba mai ban ruwa, wasu tsofaffin itatuwa kuma gatari ya ci, aka yi katako da gawayi. Idan aka sare mai zare, ƙwallonsa na nan a lambun maƙwabci. Idan aka sare irin na ƙarshen lambu ba a aura reshensa ba, an rabu da shi ke nan har abada, don haɗin gadon da ya samar da shi ba ya sake zuwa.

Sunaye ma sun cakuɗe. Za ka ji Binta Suga, Fafaranda, Ɗan Kamaru, Juli, amma abin da ake kira da suna ɗaya a wannan kasuwa ba lallai shi ake nufi a waccan ba. Matuƙar ba a san wace itaciya ce uwa ba, sunan da ke bakin mai sayar da dashe ba shaida ba ne.

Masu iya gyara wannan ba nesa suke ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, wadda aka kafa a 2011, maƙwabciyar Safana ce, kuma tana koyar da aikin gona. Cibiyar binciken lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana da tasha a Bagauda ta jihar Kano. Ga kuma hukumar KTARDA mai kula da malaman gona a jihar Katsina. Matakin farko ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Sikeli da wuƙa da littafi sun isa ɗalibi ya bi lambunan Darini da Wagini da Ruma da Runka a lokacin mangwaro, ya auna nauyin ɗan itace da na ƙwallonsa, ya tsaga ya ƙirga 'yan tsiro, ya rubuta wane itace ne kuma a lambun wa yake. Waɗanda suka yi fice a yanki rassansu a aura a fili guda mai tsaro, ya zama gidan uwaye da masu renon dashe za su riƙa ɗiba, da yardar masu itatuwan da haƙƙinsu. Gwajin DNA sai ya biyo baya.

Kafin hukuma ta motsa kuwa, aikin na hannun masu lambu. Kada a raina mai zare don babban ƙwallonsa, a kansa kowane ɗan aure yake tsaye. Wanda kuma ya san wani itacen mangwaro na musamman a garinsu, mai siririn ƙwallo da tsoka mai kyau, kada ya ɓata lokaci wajen shuka ƙwallonsa. Ya nemi mai aure bana, a yanki reshe a ɗaura a gindi biyar ko goma, a raba wa maƙwabta tun gatari bai riga shi ba.